Abin Da Na Gani A Yankari



An ce in ba ku labarin ziyarar da na kai Yankari, a Jihar Bauchi. Tun muna aji uku malamin labarin ƙasa ya gaya mana an keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa maziyarta a 1962. Amma sai da na yi furfura na taka shi.

Da rani na je, lokacin da tafkuna ke ƙafewa, namun daji su tattaru a bakin Kogin Gaji. Kwana biyu muna neman giwaye, sai dai kashinsu da karyayyun rassa. Rana ta uku garke ya ɓullo, babbar uwa a gaba, 'ya'ya a tsakiya. Direba ya kashe mota, kowa ya yi tsit.

Mai gadin daji ya shaida mini masu farautar haure sun rage su ƙwarai. Ga shi kuma sukan faɗa gonaki gab da girbi, manoma su fusata.

Roƙona shi ne ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin kai ɗaliban makarantarmu da ranin bana, kada su san giwa a littafi kaɗai.