Jawabi kan kiwon lafiya: mai ciwon hanta da allurar jijiya



Yau maganarmu kan hanta ce, da allurar da ake sa wa mara lafiya a jijiya in an kwantar da shi likita.

Mutum biyu suna kwance ɗaki ɗaya, cutarsu iri ɗaya. Lokotoro ya rubuta wa na farko kwalba guda, na biyu rabi. Sai dangin na biyu su shiga gunaguni, wai an yi musu rowa. Ba rowa ba ce. Ku saurara ku ji dalili.

Hanta tana gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Ta babban mutum ta kusa kilo 1 da rabi. Magunguna da yawa ita ke narka su in sun gama aiki, su fita daga jiki. Kamar injin niƙa take. In inji ya gaji, mai shi ba ya juye masa tiya guda gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan yake zubawa. Hantar da ta gaji ma haka. In an ba ta magani kamar na mai lafiya, na safe bai fita ba na marece ya tarad da shi. Maganin ya taru cikin jini ya zama guba. Allurar jijiya kuwa kai tsaye take shiga jini, ba a iya amayar da ita.

Ga misali. Akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna metronidazol, wanda kuka sani da Flagyl. Babban mutum ana sa masa miligiram 500 kowace awa 8. In hanta ta lalace ƙwarai, lokotoro yana rage shi da rabi, ko ya nisanta lokacin sawa. Kuloramfenikol shi ma hanta ke aikinsa, sai a rage ko a sake wani. Amma ampisilin ta ƙoda yake fita, cikin fitsari, galibi ba a taɓa awonsa. Jantamisin ma ta ƙoda yake fita, sai dai ana gudun sa ga mai tsohon ciwon hanta, don ƙodarsa ba ta da wuyar taɓuwa.

Kun ga ke nan ba kowane magani ake ragewa ba. Lissafi ne, sai an auna jini an duba nauyin mutum. In cuta ta yi tsanani, allurar farko sau da yawa cikakkiya ake yi, don kada ƙwayoyin cuta su samu sarari.

To, mene ne naku? Lokotoro ba ya duba. In mara lafiya ya taɓa yin shawara, idonsa ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya yi ja kamar shayi, ku faɗa tun a bakin ƙofa. In cikinsa ya taɓa kumbura da ruwa, ku faɗa. In yana shan giya, ba ranar kunya ba ce. Saiwa da ɓawon itace da kuka jiƙa masa a gida, su ma ku ambata.

Kada ku sayo allura wajen ɗan talla don ku cike abin da aka rage. Ku da ke jinya, ku sa ido. In ya fara barci da rana fiye da kima, ko maganarsa ta rikice, ko hannunsa na rawa, ku kira anfirme nan take, ko da tsakar dare ne.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.