Ciwon da Ba Ya Fitowa a Hoton Asibiti: Aiki, Kuɗi da Tallafin Naƙasa a Ƙasar Gwarzo da Kabo



Wannan lacca ta shafi wani ciwo da likitoci ke kira faibiromayaljiya, da irin matsayin mai fama da shi a gari kamar Gammo, cikin Ƙaramar Hukumar Kabo. Alamominsa su ne ciwon jiki ko'ina na fiye da wata 3, da gajiya, da barcin da ba ya wartsakarwa, da yawan mantuwa. A 1976 aka laƙaba masa wannan suna, a 1990 kuma likitocin gaɓoɓi na Amurka suka tsara ƙa'idojin gane shi. An ƙiyasta yana kama mutum 2 zuwa 4 cikin 100, galibi mata. Ana ganin tushensa shi ne ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suna ƙara wa zafi ƙarfi fiye da kima, saboda haka gwajin jini da hoto sukan fito lafiya lau.

Daga nan wahalar take farawa. Matar da ta kasa daka ko ɗebo ruwa sai a ce raki ne ko son jiki. Manomin da ya kasa noman fari sai a ce sanyi ne, ko iska, ko sammu. Kuɗin gero da gyaɗa su tafi wajen mai kemis da mai magani, sannan kuɗin mota zuwa Babban Asibitin Gwarzo, daga can zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ga aiki ya ragu, ga kashe kuɗi ya ƙaru.

To, me doka ta tanada? A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukumomin gwamnati, ta kuma tanadi takardar shaidar naƙasa, amma ba ta yanka wa kowa kuɗin wata ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda masu ɗaukar ma'aikata ke zuba wa kashi 1 cikin 100 na albashi, ta tsaya ga rauni ko cutar da aiki ya jawo, abu mai wuyar tabbatarwa game da wannan ciwo. Dokar fansho ta Tarayya ta 2014 ta yarda ma'aikaci ya taɓa ajiyarsa kafin shekara 50 idan likitoci sun tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba. Watau biyu daga cikin ukun na mai albashi ne, kuma duka ukun suna neman takardar likita. Manomi da mai sana'ar cikin gida galibi ba su da ko ɗaya daga cikin biyun. A Ingila kuwa, tallafin da aka soma a 2013 yana auna abin da ciwo ya hana mutum yi a rayuwarsa ta kullum, ana kuma biyansa ko mutum yana aiki.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ya fi dacewa a yi nazarinsa, domin kwanciya ba ta warkar da wannan ciwo. Abin da bincike ya fi tabbatar da amfaninsa shi ne motsa jiki sannu a hankali, da gyara barci, da magani irin su amitiriftilin bisa umarnin likita. Tiramadol da ake saye barkatai kuwa yana iya jefa mutum cikin jaraba. Saboda haka abin da malamar firamare a Kabo take bukata shi ne a rage mata tsayuwa, a sauya ta zuwa makarantar da ke kusa da gida, ta riƙe albashinta. Idan ta yi ritaya da wuri, gidan ya rasa kuɗin shiga, ciwon kuma yana nan.

Wanda ba ya cin albashi, madogararsa ita ce dangi da gayya da adashi da zakka. Hukumar Zakka da Hubusi da Jihar Kano ta kafa a 2003, da hukumar taimakekeniyar lafiya ta 2016, hanyoyi ne da ya kamata a shigar da irin waɗannan bayin Allah. Amma duk wannan ba zai samu ba sai an yarda cewa ciwon gaskiya ne. Mai ɗaki, in ji Hausawa, shi ya san inda yake yoyo.

A taƙaice, nauyi ya rataya a wuyan mutum uku: jami'in lafiya ya rubuta sunan ciwon a katin majiyyaci, shugaban ma'aikata ya sassauta aiki kafin ya rubuta takardar tuhuma, mai gida kuma ya daina kiran mara lafiya malalaci.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi. Wassalam.