Jawabi ga Jama'ar Zango Kan Ruwan Damina

 

Waɗanda suka ga 1983 a cikinku sun san fari. Wutar daji ta cinye gonaki, abinci ya yi wuya, ruwan Akosombo ya ja baya har lantarki ya yi ƙaranci. A lokacin roƙon ruwa muke yi. Yanzu kuwa da hadari ya haɗo sai ka ga mata suna ɗora katifu bisa tebur.

Ruwa rahama ne, ba ƙorafi muke yi ba. Amma yadda yake sauka a 'yan shekarun nan, na awa biyu kamar na mako guda, kwatocin Nima da Mamobi ba sa iya ɗaukarsa, balle mu da kanmu mun cika su da leda. Kun tuna daren 3 ga Yuni 2015 a Circle, ambaliya da gobarar gidan mai, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya kiyaye na gaba.

To, ranar Asabar bayan sallar asuba, samari su fito da shebur mu yashe kwata. Masu hali kuma, akwai marayu da tsofaffin da ɗakunansu ke yoyo. Kwanon rufi, ko guda ɗaya ne, a kai wurin liman.