Yaran da ke alkafura a gindin badala

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda ba su samu saurare ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, ina dawowa ta Ƙofar Na'isa sai na ga mutane sun yi da'ira a gindin badala. Na leƙa, ashe samari ne su bakwai, babbansu bai fi shekara ashirin ba. Sun baza yashin gini, shi ne katifarsu. Wannan ya yi alkafura uku a jere, wancan ya hau kafaɗar ɗan'uwansa ya tsaya da hannu ɗaya. Abin da ya tsayar da ni shi ne labari suke bayarwa da jikinsu. Sun kawo jarkoki, suna kwaikwayon layin ruwa a unguwa: turereniya, faɗa, mai ƙarfi ya tsallake kan marar ƙarfi. Ba wanda ya yi magana a cikinsu, amma kowa ya gane, har dattawa suna dariya.

Da aka tashi, wani dattijo kusa da ni ya ce, "Allah Ya shirya, shashanci kawai." To wannan kalmar ce ta kawo ni yau.

Jama'a, wasan jiki ba baƙo ba ne a Kano. Muna da 'yan tauri. Muna da gardawa masu wasa da kura da maciji. Muna da tashe idan azumi ya kwana goma, ga Nalako sarkin gwagware. Uwa uba ga 'yan koroso, masu ɗaura kacau-kacau a ƙafa, suna lanƙwasa jiki kamar ba ƙashi. Idan manyan baƙi suka zo, su ake kira, mu tafa, mu ce al'adarmu ce. Amma in ɗanka ne yake koyon irin wannan lanƙwasar a lungu, sai ya zama ɗan iska? Ta ina ɗan koroson ya fara?

Bari mu leƙa waje. Irin wannan wasa Turawa suna kiransa sakas. A da, zakuna da giwaye ne abin kallo a cikinsa. Daga baya salo ya canja, aka ajiye dabbobi aka koma ga jikin ɗan Adam da labari. Kamfanin Cirque du Soleil da aka kafa a Kanada a 1984 da wannan salon ya zagaye duniya. A Faransa akwai babbar makarantar gwamnati ta koyar da shi tun 1985. Kada ku ce ai Turawa ne. A Habasha an kafa Circus Ethiopia a 1991, da yaran Adis Ababa. A Gini an kafa Circus Baobab a 1998, kuma wani wasansu na baya-bayan nan a kan matsalar ruwa yake, da robobin ruwa suke yinsa. Kun ji fa. Abin da samarinmu suka ƙirƙira da jarka, ba tare da kowa ya koya musu ba, irinsa ne wasu suke hawa jirgi suna nunawa a Turai.

Sai dai ba zan ɓoye muku ba, akwai haɗari. Na tsaya na gaisa da yaran, sai na ga ɗaya yana zaune a gefe, hannunsa a ɗaure. Ya ce mini, "Yaya, faɗuwa na yi, mai ɗori ya ɗora ni." A bidiyon waya suke koyo, ba malami, ba katifa. Hannu ya zo da sauƙi. In wuya ne fa? Saboda haka uban da ya hana ɗansa, ban ga laifinsa ba. Tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili.

Amma hani ba ya hana su, ɓoyewa kawai suke yi. Abin da suke buƙata kaɗan ne: fili mai shinge, katifu, da babba wanda ya san aikin. Tsofaffin 'yan koroso suna nan da ransu. Hukumar tarihi da al'adu tana nan a Gidan Ɗan Hausa. Me zai hana a haɗa tsoho da yaro, ko da yini ɗaya ne a mako? Masu unguwanni da masu hali, katifa goma ba za ta gagare ku ba.

Ku kuma samari, ƙannena, ku ji da kyau. Ku nemi izinin iyaye. Kada wasa ya cinye sallah ko makaranta. Ku nisanci ƙwaya, domin mai tsayawa a kafaɗar wani da hannu ɗaya yana buƙatar hankalinsa cif. Mutunci shi zai sa dattijon nan ya janye kalmarsa.

Ni dai Juma'a mai zuwa zan koma, kuma da tsohuwar katifar gidanmu zan tafi. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.