Ku Karanta Sharaɗi Kafin Ku Shiga Gasa

Jawabi ga taron matasanmu masu sana'ar hoto da waƙa da fim mazauna Ikko



Gasa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A 1933 aka yi gasar rubuta littattafai a Zariya, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A nan Ikko kuma, tun 2013 ake ba da kyautar AMVCA, har finafinan Hausa sun sami gurbinsu a ciki. Saboda haka ban zo in hana kowa shiga gasa ba. Na zo ne in yi magana a kan takardar nan ta sharuɗɗa, wadda yawancinmu ba mu karantawa.

Kwanakin baya wani yaro mai ɗaukar hoto ya zo ofishinmu yana kuka. Ya ɗauki hoton wata dattijuwa mai sayar da goro a Agege, ya aika wata gasa, bai ci kome ba. Da shekara ta kewayo sai ya ga hotonsa a kalandar kamfanin da ya shirya gasar, ba sunansa, ba ko sisi. Muka nemo sharuɗɗan, sai muka tarar an rubuta cewa duk abin da aka aiko ya zama mallakar masu gasa, an ci ko ba a ci ba. Shi kuwa ya danna alamar amincewa a wayarsa bai karanta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, me doka ta ce? Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ita ta maye gurbin ta 1988. A ƙarƙashinta, da zarar ka ɗauki hoto, ko ka naɗi waƙa, ko ka haɗa fim, haƙƙin ya tabbata ba sai an yi rajista ba. Haƙƙin wanda ya tsara waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa, wato gado ne ga 'ya'yansa da jikokinsa. Na hoto da na fim shekara 50 ne daga sa'ad da aka fara fito da su ga jama'a. Kuma doka ba ta yarda da sallama haƙƙi da fatar baki ba, sai a rubuce. Shi ya sa wannan takarda take da nauyi.

Mu da muke zaune a Kudu mun san bambancin haya da sayarwa. Mai gida ya ba ka ɗaki na shekara, gidan yana nan nasa. Haka gasa ta ƙwarai take: izini kawai take nema ta nuna aikinka na ɗan lokaci don tallar gasar, tare da sunanka. Wadda ta ce aikin ya zama nata har abada, a ko'ina cikin duniya, to gidan ta saye, kuma ba ta biya ba.

Ku tuna da Solomon Linda na Afirka ta Kudu. Ya naɗi waƙarsa Mbube a 1939, ya sallama haƙƙinta a kan kuɗi ƙalilan. Waƙar ta zagaya duniya, har ta shiga fim ɗin The Lion King, amma shi ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006 iyalinsa suka sami sasantawa, bayan an kai ƙara kotu.

Don haka kafin ku shiga kowace gasa, ku yi tambaya huɗu. Bayan gasa, aikin na wane ne? Izinin da suke nema na tsawon wane lokaci ne, kuma don wane amfani? Za su sa sunana, kuma za su iya sauya aikin ba da sanina ba? Wanda bai ci ba fa, mene ne matsayin aikinsa? Wanda Turancinsa bai nuna ba, ya nemi ɗan'uwa ya fassara masa, gama matambayi ba ya ɓata.

Ku ma akwai haƙƙin wasu a wuyanku. Mawaƙi ya daidaita da makaɗinsa da mai situdiyo a rubuce. Mai hoto ya nemi yardar wanda ya ɗauka. Ku adana asalin aikinku da kwanan watansa, da kwafin sharuɗɗan, domin su ne shaidarku in ta kai ga zuwa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ko kotu.

Ina kuma roƙon sarakunanmu na Hausawa da ƙungiyoyinmu, daga Agege zuwa Sabon Badun, in sun shirya wa yara gasa, su rubuta a fili cewa aiki na mai shi ne.

Kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sa albarka a sana'o'inku, ya mai da kowa gida lafiya. Wassalam.