Na'urar da ke ba mawaƙi maki



A shekarar 2004 kamfanin Sony ya fitar da wani wasa mai suna SingStar a kan na'urar wasan bidiyo ta PlayStation 2. Ma'aikatansa na Landan ne suka ƙirƙiro shi. A lokacin ana sayar da faifan tare da makirufo biyu, ja da shuɗi. Sai a kunna waƙa, baitocinta na bayyana a talabijin, mutum biyu su yi ta rerawa, na'ura na ba kowa maki. Wato karaoke ɗin da Japanawa suka saba yi a gidajen shaƙatawa tun wajen 1971, shi ne ya shigo falo.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne alƙalancin. Na'urar ba ta jin kalmomi ko kaɗan. Hawa da saukar murya kawai take aunawa, da kuma ko ka shiga a kan kari. Saboda haka wanda ya rufe baki yana gunaguni daidai da karin waƙar, sai ya doke mai zaƙin murya da ya ƙawata baitinsa da salo. Ni dai ban yarda da alƙalin da ke rage wa gwani maki don ya yi gwaninta ba.

Af, a 2007 har na waƙoƙin Indiya suka yi, SingStar Bollywood. Masoya finafinan Indiya na Kano da sun sha shagali.

A watan Janairun 2020 Sony ya rufe shagon intanet na wasan, sayen sabbin waƙoƙi ya ƙare. Masu tsofaffin faifai kam suna nan suna damun maƙwabta.