Sunan kayanka ma dukiya ne

Manoman albasa na Sukukutane su tuna abin da ya sami 'yan uwansu na Galmi a Nijar. Wani kamfanin iri na ƙasar Senegal ya taɓa neman mallakar sunan albasar Galmi a hukumar OAPI mai rajistar tambarin kaya, sai da Nijar ta tashi tsaye aka hana shi. Noma na talaka, suna na neman zama na mai takarda.

Ita OAPI tana Yawunde, yarjejeniyar Bangi ta 1977 ce ta tsara aikinta. Rajista ɗaya tana kare tambarin kayanka a ƙasashe 17, tsawon shekara 10, kuma ana sabuntawa. Amma Najeriya ba ta ciki, mai kai kaya Sakkwato ko Kano sai ya yi wata rajistar can.

Wajen rajista a OAPI, doka ba ta tilasta wa ɗan Nijar ɗaukar lauya ba. Ni dai ina ganin a ɗauka. Shi zai bincika ko wani ya riga ka sunan, ya zaɓi rukunin kayan da ya dace, ya tsaya maka in an yi jayayya. In kuɗin sun fi ƙarfin mutum ɗaya, ƙungiyar manoma ta haɗa, ta yi tambari ɗaya na kowa.